Manajan Tarun Marigayi Agbeko

Da mijina Agbeko ya rasu bai bar mini gidan bene ba. Tarun kamun kifi ya bari, da jirgin da ke kai shi teku, da ƙaninsa Senyo. Biyun farko suna da amfani.

Senyo ya zo jana'iza daga Accra cikin baƙar kwat da takalmi mai tsini, ya yi kukan da ya fi nawa, ni da na yi shekara ashirin da shida da mamacin. Baƙi suka watse, shi bai watse ba. Ranar da dangi suka zauna a kan maganar taru, ya miƙe ya yi awa guda yana zuba. Ya ce shekararsa tara a ɗakunan taro na manyan otal, babu wani sirrin kasuwanci da bai shiga kunnensa ba. Ya ce wansa mutumin kirki ne, amma da tunani irin na da ya yi sana'a.

Baffansu, tsoho Gakpo, shi ke yanke magana a gidan. Ya dube ni cikin baƙaƙen kayan takaba, ya dubi kwat ɗin Senyo, kwat ta yi nasara.

"Mawusi, ki yi haƙuri," in ji shi. "Senyo zai riƙe tarun har ƙarshen lokacin abobi. In kifi ya zo, mutane suka zauna, ya ci gaba da riƙewa. In ba haka ba, ya dawo hannunki."

Aji huɗu na yi a makaranta, amma na san abin da wannan ke nufi. Abobi, ɗan ƙaramin kifin nan da muke shanyawa, wata biyu kawai yake yi a bakin tekun Keta, kuma shi ne abincin shekara. Masu ja talatin da huɗu Agbeko ya bari, ba wanda aka ɗaure da igiya a cikinsu. Duk wanda tukunyarsa ta kwana a wanke sau uku, sai ka gan shi a tarun Amuzu maƙwabcinmu. In suka gaza ashirin, taru ba zai jawu ba, tarun da ya kwanta a yashi kuwa ɓeraye ne magadansa. Mai takaba ba ta ɗaga murya a taron maza.

Ranar Litinin Senyo ya jingina allo a jikin kwakwa ya tara masu ja.

"Daga yau sunana Manaja. Matsalarku ɗaya ce, kuna jan taru yadda kakanninku suka ja."

Besa, wanda ke gaban igiyar gabas, ya sosa ƙeya, ya kira shi Efo, wato yaya a wajenmu. "To ta ina ake ja yanzu a Accra, Efo?"

"A Accra ba a ja, tunani ake yi."

"Tunanin nan, soya shi ake yi ko banda?"

Senyo ya rubuta ƘIRƘIRA a allo da manyan baƙaƙe, ya ja layi biyu a ƙasa. Sannan ya fito da wani akwatin katako mai rami a sama, ya ce akwatin shawara ne, kowa ya rubuta sabon tunaninsa ya jefa. Mutum shida ne suka iya rubutu a wurin, biyu daga ciki sunansu kawai suka iya.

Washegari ya buɗe akwatin a gaban kowa, ya zura hannu yana murmushi. Ya zaro shi da sauri, kaguwa na lilo a babban yatsansa.

Ƙawata Daavi Yawa mai bandar kifi tana zaune kusa da ni a kan daronta. Ko dariya ba ta yi ba.

"Manaja, ka karɓi shawarar mana," ta ce. "Cewa ta yi ka cire hannunka."

Bai cire ba. A sati na biyu idonsa ya faɗa kan Togbi Ahiable.

Togbi Ahiable tsoho ne mai ƙafa ɗaya da rabi, tun da jirgi ya danne shi yana saurayi. Aikinsa ya zauna a tsakiyar igiya biyu da kugensa yana waƙa, masu ja suna amsawa, in an zo rabo a ba shi kaso cikakke kamar na kowane ƙato.

"Togbi, sati guda ina kallonka," Senyo ya ce. "Ban ga hannunka a igiya ba ko sau ɗaya."

"Ni ma ban ga naka ba, ɗana."

"Ni ina gudanarwa ne."

"Ni kuma ina waƙa."

"Waƙa ba aiki ba ce. Baki ɗaya yana cin kason hannu biyu. Ka je gida ka huta."

A nan na kasa haƙuri. Na kira shi gefe, na rage murya yadda takaba ta ce.

"Senyo, jirgi kan bar igiya ɗaya a nan, ya zagaya da taru cikin teku, ya kawo ɗayar can. Na gabas ba sa ganin na yamma. In ɓangare ɗaya ya riga ɗaya isowa, bakin jakar taru sai ya karkace, kifi ya fita. Tsohon nan kullin igiya yake ƙirgawa ta dama da hagu. Waɗanda suka yi gaba ya zage su a waƙa su lafa, waɗanda suka yi baya ya kira sunan iyayensu su ɗaga ƙafa. Wanka Agbeko, ko mura Togbi ya yi, ba ya fitar da jirgi."

"Matarmu," ya ce, yana gyara wuyan kwat, "wannan shi ake kira tsoron canji. An yi mana darasi guda a kansa."

Togbi ya sa kugensa a jaka ya ɗingisa ya tafi. Bai waiwaya ba.

A madadinsa Senyo ya turo wani ƙaton akwatin kiɗa a baro, ya haɗa shi da wayarsa. Kiɗan samarin Accra ya tashi, mai sauri kamar an kunna wa kaza wuta a jela. Masu ja suka yi ƙoƙarin taka shi. Jan taru takun baya ne a hankali, ka kafa diddige, ka kwanta, ka ɗaga. Ranar sai ga maza talatin suna tsalle-tsalle kamar yashi ya yi zafi. Kudzo na igiyar yamma ya zauna daɓas, mutum huɗu suka zauna a kansa.

Ana cikin haka kiɗa ya tsaya, waya ta yi ƙara. Senyo ya amsa da ƙasaita, ya manta tana haɗe da akwatin. Muryar wata mata ta cika bakin teku har tarun Amuzu.

"Senyo? Ashe kana da rai. Mai otal ya ce ka dawo da kwat ɗin masu raba ruwa a ɗakin taro. Wanda aka ɗauka a madadinka ba shi da ta sawa."

Ya dinga danna wayar kamar mai kashe kuɗin cizo. Yawa ta gyara ɗankwali.

"To ai gaskiya ya faɗa," ta ce. "Shekara tara a ɗakin taro. Bai dai ce a zaune ba."

Tarun ranar ya fito a karkace da kifin da bai cika daro uku ba. Senyo ya ce laifin batir ne.

Sati na uku ya juya kan 'yan taya. A wajenmu duk wanda ya zo wucewa ya tarar ana ja, zai iya kama igiya ya taya, in taru ya fito a ɗebo masa kifi cikin hannu biyu. Malamin makaranta kan yi, mai sayar da burodi kan yi, matar fasto ma kan tuɓe takalmi ta kama. Senyo ya ce wannan ɓarna ce. Ya buga wa masu ja kati mai igiya suka rataya a wuya kamar awakin da aka yi wa rigakafi, ya ce marar kati kada ya taɓa igiyarsa. Mutum na farko da ya kora tsohon malamin da ya koya masa karatu ne.

Kwana biyu bayan nan ruwa ya juya. Duk wanda ya tashi a bakin teku ya san irin ranar, taru sai ya yi nauyi kamar an ɗaura shi a gindin dutse. Igiya ta fara jan masu janta. Na ga Besa da mutanensa suna tafiya cikin ruwa a hankali, diddigensu na yin kunya a yashi kamar garma. Mutane sun fi arba'in a kan tudu, kowa ya harɗe hannu.

"Ku kama mana," Senyo yana ta kai da kawo. "Me kuke kallo?"

"Ba mu da kati, Manaja," in ji tsohon malamin.

Awa bakwai aka yi. Abin da jaka ta kawo leda ce, da ciyawar ruwa, da takalmin roba guda. Da safe mutum takwas suka rataye katinsu a reshen kwakwa suka wuce tarun Amuzu. Bayan kwana uku wasu huɗu suka bi su. Saura ashirin da biyu.

Na same shi a ƙofar gida yana goge takalmi.

"Saura mutum biyu tsakanina da yunwa, Senyo. Ina da 'ya'ya mata uku."

"Waɗanda suka tafi dama ba su da hangen nesa. Yanzu na gano ainihin ciwon. Ba gasa. Na gabas da na yamma kaso ɗaya suke samu, to don me wani zai yi zuciya? Ranar Asabar za a yi gasa. Igiyar da ta riga isowa tana da buhun shinkafa da kwalbar giyar akpeteshi."

Na dube shi in ga ko wasa yake yi.

"Za ka sa hannun dama ya yi tsere da na hagu wajen ɗaukar tulu?"

"Za ki gani, matarmu. Har Baffa na gayyata, da sarkin masunta, da mai hoto."

Ranar Juma'a da la'asar na tafi gidan Togbi Ahiable. Na tarar yana ɗinke wata tsohuwar koma a gindin mangwaro.

"Togbi, gobe ka zo."

"An sallame ni, 'yata. Waƙa ba aiki ba ce."

"Ba don shi ba. Tarun Agbeko ne."

Ya ja zare ya ƙulla, ya ciza da haƙoransa uku.

"Kallo zan zo yi," ya ce. "An ce za a raba shinkafa. Kuge kuwa dama ba ya fita daga jakata, ba don kowa ba."

Asabar ta zo da abin da muka yi wata guda muna jira. Tun da sassafe teku ta yi baƙi daga nan har inda ido ya tsaya, tsuntsaye suna faɗawa ruwa kamar ana jefa su. Abobi ne, irin tarin da Agbeko ya gani sau biyu kacal a rayuwarsa. Kudzo, wanda ya fi kowa daɗewa a tarun, ya cire hula ya je wajen Senyo.

"Efo, a ɗaga gasar nan zuwa wata ranar. Yau ba ranar wasa ba ce."

"Yau ce ma ranar. Tarihi ba ya jira."

An kafa rumfa, an jera kujerun roba. Tsoho Gakpo ya zauna a tsakiya da zanensa na fita kunya, sarkin masunta a damansa. Buhun shinkafa yana kan tebur an ɗaura masa jan ƙyalle. Senyo ya raba mutane da kansa, kuma da yake yana son a ga sauri, ya tura duk samarin gabas wajen Besa, ya bar wa Kudzo dattawa. Jirgi ya zagaya, igiya biyu suka hau tudu. Senyo ya hau kan kujera ya busa usur.

Ba na zargin Besa. Wata guda 'ya'yansa suna cin tuwon akple da barkono tsura, ga shinkafa a gabansa. Samarin gabas suka ɗauki igiya suka ruga da ita tudu a guje. Su ajiye, su dawo, su sake ɗauka. Na yamma suna nan suna kafa diddige yadda suka saba.

"Kun gani?" Senyo yana faɗa wa rumfa. "Rabin lokaci. Abin da wana ya kasa a shekara talatin ke nan. Mai hoto, ɗauke ni da igiyar a bayana."

Sarkin masunta bai dubi igiya ba, tsuntsaye yake kallo. Ni ma su nake kallo. Fiffiken taru na gabas ya riga ya taɓa yashi, na yamma yana can cikin teku, tsakaninsa da gaɓa ƙofa ce wadda jirgi uku za su wuce a jere. Baƙin nan da ke cikin taru ya fara tsiyaya ta ƙofar kamar gero daga yagaggen buhu, tsuntsaye suna binsa.

Tsoho Gakpo ya kare ido da tafin hannu.

"Senyo, wancan abin da ya nufi yamma, namu ne?"

"Accra za su," in ji Yawa. "Taro aka kira su."

Sai a lokacin Senyo ya juya. Ya busa usur, na gabas suka ɗauka ƙarin ƙaimi yake ba su, suka ƙara gudu. Ya busa sau uku, na yamma suka ɗauka an gama gasa, rabinsu suka saki igiya. Ya diro daga kujera ya nufi ruwa da kwat da takalmi, yana ihu zai rufe bakin jakar da kansa. Masu iyo ne ke wannan aikin, su ma sai sun karanci ruwa. Shi rabonsa da teku tun yana sa gajeren wando.

Taguwar ruwa ta farko ta cire masa takalmi. Ta biyu ta ɗaga shi ta juya shi ƙafa a sama. Ta uku ta saka shi a cikin jakar taru a hankali, kamar uwa na kwantar da jariri.

Nan dariya ta ɗauke. Mutum a cikin karkataccen taru ba abin wasa ba ne, in aka ja ba daidai ba raga za ta naɗe shi ta danna ƙasa. Na gabas suna ja, na yamma suna ja, kowa yadda ya ga dama, jaka tana murɗewa. Muna hango baƙar kwat tana ɓullowa tana nutsewa.

Sai kuge ya yi ƙara.

Ban ga lokacin da Togbi Ahiable ya ɗingiso tsakiya ba. Ya jawo akwatin shawara ya zauna a kai, ya buga sau biyu, na gabas suka tsaya cak kamar an yanka musu ƙafa. Sannan ya ɗaga tsohuwar muryar nan tasa:

"Gabas, ki jira ƙanwarki,
shinkafa ba ta da ƙafa.
Yamma, ina 'ya'yan Kudzo?
Agbeko yana kallo daga inda yake,
a jawo masa ƙaninsa a hankali,
babban kifi ne, ko da ba nama."

Na yamma suka amsa. Tsohon malamin ya tuɓe takalmi ya kama igiya, mai burodi ta sauke tirenta, mutanenmu goma sha biyu da ke tarun Amuzu suka bar nasu suka sheƙo. Ba wanda ya tambayi kati. Ni ma na tattare baƙin zanena na kama, daidai inda Agbeko ke tsayawa, ba wanda ya ce mai takaba ta saki. Togbi yana ƙirga kulli, yana rage wa wannan yana ƙara wa wancan, har fukafukan biyu suka daidaita, jaka ta miƙe, ta hau yashi.

Aka kwance bakinta. Senyo ya gangaro waje tare da abobin da bai wuce daro biyu ba, wasu a aljihunsa, wasu a gashinsa. Ya yi aman ruwa, ya zauna, ya ga mai hoto a kansa. Ya gyara abin da ya saura na wuyan kwat.

"Da gangan na shiga," ya ce yana haki. "Manaja na gari sai ya ga matsala daga ciki."

"Me ka gano?" in ji sarkin masunta.

"Akwai gyare-gyare da yawa."

Dokar bakin teku ita ce duk abin da jaka ta kawo a raba shi nan take a idon kowa, rabi na mai taru, rabi na masu ja, kuma mai taru ke fara zaɓa. Jama'a suka yi da'ira. Senyo ya yunƙura zai miƙe ya yi rabon. Tsoho Gakpo ya ɗora masa sandarsa a kafaɗa ya mai da shi zaune.

"Kai kana cikin abin da za a raba," ya ce. Sannan ya juyo wajena. "Mai taru, zo ki zaɓa."

Sai da Yawa ta zungure ni na gane da ni ake. Wata huɗu ke nan ba a kira wannan sunan a gabana ba, har na waiwaya in ga Agbeko. Na taka na shiga tsakiya, na dubi daro biyu na kifi, na dubi ƙanin mijina.

"A dafa shinkafar nan yau, gabas da yamma da 'yan taya kowa ya ci," na ce. "A ba Togbi kwalbar. Kifin duka na masu ja ne, sun daɗe ba su kai komai gida ba. Gobe jirgi zai fita da asuba, wanda ke tare da ni ya zo."

"To rabonki fa?" in ji Besa. "Saura wannan babban."

Yawa ta zagaya Senyo tana dubawa kamar yadda take duba kifi kafin ta saya. Ta latsa kumatunsa da yatsa.

"Ba zai yi banda ba," ta ce. "Duk iska ce da ruwa."

"Kun san Agbeko," na ce. "In jaka ta kawo abin da ba a ci, ba ya jefarwa a yashi ya dami mutane da wari. Mayar da shi yake yi inda ya fito."

Senyo ya dubi teku, idonsa ya yi waje.

"Ba can ba," na ce. "Motar Accra tana tashi ƙarfe biyu. Ana jiran kwat."